Ita Ke Da Jari, Wani Ke Da Suna: Mata Da Harkar Kuɗi A Ƙaura Namoda, Shinkafi Da Zurmi



Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis yana duban masu shiga da fita zai ɗauka ciniki a wannan yanki na maza ne kaɗai. Su ke kara wurin dabbobi, su ke auna hatsi, su ke zaune a rumfunan atamfa, su ne dillalai. Matan da zai gani ba su wuce tsofaffi da masu nono da 'yan mata masu talla ba. To amma ya tambayi man gyaɗan da ke cikin jarka, wa ya matsa shi? Ƙuli-ƙulin da ake loda wa mota, wa ya toya? Daddawar nan wa ya dafa kalwarta, shinkafar nan wa ya turara ta ya shanya? Tunkiyar da wancan yaro ke ja, ta wace ce? Mafi yawan amsoshin a bayan katanga suke, wurin matan da ba su taɓa taka kasuwar ba.

Wannan tsari ya tsufa. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, matan yankin ke sarrafa abin da ya rage a gida suna mayar da shi kuɗi. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta wallafa wani nazari a 1969 inda ta nuna cewa hatsi da kayan abinci masu yawa ana cinikinsu ne daga gida zuwa gida, ta hannun matan kulle da yaran da suke aike, ba tare da sun bi ta kasuwa ba. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Abin da ta gani a ƙasar Katsina shi ne ake yi a Moriki da Dauran da Jangeru da Kasuwar Daji har gobe.

Saboda haka muhawarar ko mace za ta shiga kasuwanci ta zo a makare, domin kakanninmu mata sun riga sun yanke ta. Tambayar da ta rage ita ce: dukiyar da take samu, a ina take ajiye, kuma da sunan wa?

Kafin a je ga wannan, ya kamata a share fage da hukunci, domin da yawa daga abin da ake jingina wa addini a nan al'ada ce tsagwaronta. A shari'ar Musulunci mace baliga mai hankali tana da zimmarta ta dukiya, wato tana mallaka, tana saye da sayarwa, tana bayar da bashi tana karɓa, tana ɗaukar ɗan aiki, tana wakilta wani, kuma aure ba ya narkar da wannan zimma cikin ta mijinta. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka tsiwirwirta kamar yadda ta tabbatar wa maza. Aya ta 4 ta sanya sadaki a hannun matar, ta kuma ɗaure halaccin cin wani abu daga cikinsa da yardar ranta. Aya ta 7 ta ba ta gado. A babukan ciniki kuwa, na salam ne ko ƙirali ko tarayya ko jingina ko haya, babu inda malaman fiƙihu suka sa namiji ya zama sharaɗin ingancin ƙulla ciniki.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai wata magana a cikin Mudawwana da ya kamata kowane magidanci ya sani. An tambayi Imam Malik, Allah Ya yi masa rahama, ko miji na da ikon hana matarsa kasuwanci. Ya raba amsar gida biyu: miji ba shi da ikon hana ta yin kasuwancin, amma yana da ikon hana ta fita. Mai karatu ya riƙe wannan rabewa, domin za mu dawo gare ta. Abin da Malikiyya suka ba miji kawai shi ne haƙƙin mayar da kyautar da matarsa ta yi idan ta haura sulusin dukiyarta, haka ma lamunin da ta tsaya wa wani, saboda shi ma kyauta ne a ma'ana. Hanafiyya da Shafi'iyya ko wannan ba su ba shi ba. Kuma a lura, ikon hana ta kyautar da fiye da sulusi kariya ce ga dukiyarta. Mijin da ya mayar da shi hujjar cusa hannu a jarinta ya juya hukuncin a baibai.

Misalan zamanin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, sanannu ne. Kowa ya san Nana Khadija da fataucinta zuwa Sham. Wanda ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne hadisin da Muslim ya rawaito daga Jabir, cewa an saki innarsa, ta so fita ta girbe dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata, ta kai maganar ga Annabi, shi kuma ya umarce ta da ta je ta girbe, ya ce wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Sai kuma Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, wadda ta tambaya ko ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta zai isar mata a matsayin sadaka, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunta da na sadaka. In abin da ta ba mijinta sadaka ne, ashe dukiyar tata ce, ciyarwar kuma ba wajibinta ba ce.

Ana yawan kafa hujja da labarin cewa Sayyidina Umar ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan wasu lamurran kasuwar Madina. Ibn Abdil Barr ya ambace shi a tarihin sahabbai, Alƙali Ibnul Arabi kuwa ya ce bai inganta ba. Duk su biyun manyan Malikawan Andalus ne. Ni ba na gina hukunci a kansa, kuma ba a bukatarsa, domin abin da ya inganta ya wadatar.

Wani zai ce, ina batun aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta sanya mata biyu a madadin namiji ɗaya? Wannan magana ce a kan shaida, wato wanda za a kira ya tabbatar da bashin da aka yi tsakanin wasu. Ba ta taɓa cancantar mace ta zama ita ce mai bayar da bashin ko mai karɓarsa ba. Naira dubunta naira dubu ce, sa hannunta a takarda cikakke ne. A nan daidaito tsakanin namiji da mace a fili yake. Inda shari'a ta bambanta su kuwa, ta karkata ne wajen mace: ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji ko da matar ta fi shi arziki. A Ingila sai a 1882 doka ta kammala ba matar aure ikon riƙe dukiyarta da sunanta. A Faransa sai a 1965 matar aure ta sami damar buɗe asusun banki ba da izinin mijinta ba. Na kawo wannan ne don ɗalibanmu su san tarihi, ba don mu yi alfahari ba, domin wanda aka ba haƙƙi tun ƙarni goma sha huɗu ya danne shi, ya fi wanda ya gano shi jiya laifi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga wannan danniya a zamaninsa. A cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma cikin abin da ya ce wajibi ne a koya musu, bayan tauhidi da tsarki da salla da azumi, har da hukunce-hukuncen saye da sayarwa. Garin da ke ɗauke da sunan Namoda, ɗaya daga cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, bai kamata a ce wannan karatu baƙo ne a cikinsa ba. Amma a duba Islamiyyun matan aure a yau: ana kai wa ƙarshen babin haila da azumi, sai a koma farko. Kaɗan ne ke isa babin ciniki, alhali ɗalibar da ke zaune a gaban malam ta ƙulla ciniki goma kafin ta fito daga gida.

To, ina mace ke ajiye abin da ta samu? Tun asali bankinta uku ne: dabbobi, kayan ɗaki, da adashi. Ta sayi akuya, akuya ta haihu, ta haɗa ta sayi tunkiya, ta turke rago don babbar salla, in Allah Ya buɗa ta sayi saniya ta ba makiyayi kiwo. Wannan tsari ya yi aiki shekara da shekaru domin daji yana lafiya. Yau kuwa, a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, dabba ita ce farkon abin da ɓarayin daji ke korawa. Idan aka ce an kore dabbobin ƙauye kaza, mai jin labari yakan tuna da shanun maza, ya manta cewa awaki da tumakin gari galibi na mata ne, kuma su ne tanadin shekara goma na mai tuyar ƙosai. In aka sace mutum aka nemi kuɗin fansa, kayan ɗakin mata da ɗan abin da suka turke na cikin farkon abin da ake kaiwa kasuwa. Uwa ko matar da ta fanshi nata da dukiyarta ta yi abin lada, babu shakka. Sai dai a wurare da yawa ba a tambayarta, ba a rubutawa, ba a kuma mayar mata idan hali ya samu. Wanda ya tsere daga ƙauyensu cikin dare ba ya ɗaukar rumbu ko turke. Abin da ke iya bin mutum a irin wannan gudu shi ne abin da ke cikin asusu.

Shi ma asusun yana da nasa rauni, kuma mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, don matsa wa 'yan bindiga. A lokacin, mai kuɗi a waya da mai kaya a ɗaka duk sun tsaya cik. Sai kuma canjin kuɗi, a farkon 2023, lokacin da takardun naira suka ɓace daga hannun jama'a har gwamnatin Zamfara, tare da ta Kaduna da ta Kogi, suka garzaya Kotun Ƙoli. Wa ya fi jin jiki? Matar da cinikinta na naira hamsin da ɗari ne, wadda ba ta da inda za a tura mata kuɗi, da kuma wadda ta tara tsofaffin takardu a ƙasan adaka, dole ta miƙa su ga wani namiji ya zuba a asusunsa kafin wa'adi ya cika. Wasu sun dawo cif. Wasu har yau ana "sai an duba."

Binciken da cibiyar EFInA ke yi lokaci-lokaci ya sha nuna cewa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne ke kan gaba wajen yawan mutanen da ba su hulɗa da kowace irin ma'aikatar kuɗi, kuma mata da mazauna karkara sun fi yawa a cikinsu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Buɗe asusu na bukatar lambar BVN ko ta NIN, layin waya ma sai da NIN, yin su kuma na bukatar mace ta je da kanta a ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Ga mutanen ƙauyuka da yawa wannan na nufin tafiya Ƙaura ko Gusau a kan hanyar da kowa ya san halinta. Sai maigida ya ce, "Me za ki yi da asusu? Ga nawa, a riƙa turowa nan."

Wannan kalma ta "ga nawa" ita ce tushen rigingimu da yawa. Duk wanda ya taɓa zama rabon gado ya san yadda take ƙarewa. Mutum ya rasu, a yankinmu kuma mutuwar magidanta farat ɗaya ta yawaita, sai a tarar da kuɗi a asusunsa, da buhunan gero a rumbunsa, da tumaki a garkensa. Matarsa tana cikin takaba ta ce rabin kuɗin nan na man da na sayar ne, tumaki huɗu nawa ne. 'Yan'uwan mamaci su ce kawo shaida. Ba takarda, ba wanda aka gaya wa. A ƙarshe a ba ta tumunin dukiyar da ita ta tara, in ma akwai kishiyoyi su raba tumunin. Magadan da suka san gaskiya suka yi shiru sun ci haram, kuma hukuncin alƙali ba ya halatta musu shi. Amma mamacin ma yana da nasa kaso, domin shi ya cakuɗa amana da dukiyarsa bai bar bayani ba. Ba na zargin kowane miji da mugun nufi. Mafi yawansu sauƙi suka nema. Sai dai sauƙin ya tafi da su kabari, wahalar ta rage wa marayu da uwarsu.

A nan ne maganar Imam Malik ke dawowa. Ya raba kasuwanci da fita, kuma wayar hannu ta zo ta raba su a aikace. Mace na iya karɓar kuɗin kayanta, ta biya mai kawo mata gyaɗa daga Kasuwar Daji, ta zuba adashinta, duk tana tsakar gidanta. Mijin da ke kishin kada matarsa ta fita, shi ya fi kowa cancantar ya raka ta sau ɗaya ta yi rajista, ya bar mata lambar sirrinta. Fita ɗaya ce mai rage fita ɗari. Tana ma iya rage tallar 'ya'ya mata, wadda ita ce farashi mafi tsada da ɓoyayyen ciniki ke biya: yarinya ta rasa makaranta, tana yawo tasha da kasuwa da tire a ka, a zamanin da babba ma ke tsoron hanya.

Akwai masu guje wa banki don tsoron riba, wato kuɗin ruwa, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Sai dai haramcin ruwa bai bambanta namiji da mace ba. Wanda ya ga ya halatta ya riƙe asusu don bukata, ba shi da hujjar haramta wa matarsa irinsa. Kuma an sami mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus Bank a 2021. Masu amfani da manhajojin waya kuma su lura, wasunsu na da sashen ajiya da ke ƙara wa mutum ɗan ruwa kullum, sai a bar kuɗi a asusun hada-hada kawai. Adashi kuwa, mafi yawan malamai sun halatta shi matuƙar kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba. Malam Ƙalyubi, daga malaman Shafi'iyya na Masar, ya ambaci irinsa da matan zamaninsa ke yi duk Juma'a ko duk wata, ya ce ya halatta. Abin da ke ɓata namu shi ne rashin rubutu: uwar adashi ta rasu ko ta yi gudun hijira, a rasa wa ya kwasa, wa ya saura. In tana karɓar lada, a faɗi adadinsa tun farko a matsayin ladan aiki.

Sai ɓangaren da ba mu cika son tattaunawa ba, wato mata su zama ma'aikata a harkar kuɗin kanta. Macen da ke kulle ta fi sakin jiki ta faɗi sirrin jarinta ga mace 'yar'uwarta, kuma miji ya fi yarda mace ta shigo gidansa ta ɗauki hoton iyalinsa. Idan muna son a kiyaye sitirar mata, muna kuma son su sami asusu, dole a sami matan da suka iya aikin, kamar yadda muka yarda dole a sami ungozoma da likita mace. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da aikin akanta da harkokin kasuwanci a ƙofar gidanmu. A matakin ƙasa, Babban Banki a zamanin Sanusi Lamido Sanusi ya sa bankuna suka ɗauki alkawari a 2012 na kai mata kashi 30 cikin ɗari a hukumomin gudanarwarsu da kashi 40 a manyan muƙamai. Hajara Adeola ta kafa Lotus Capital a 2004, kamfanin zuba jari bisa ƙa'idojin shari'a, tun kafin a buɗe bankin Musulunci ko ɗaya a Najeriya. Aishah Ahmad ta zama mataimakiyar gwamnan Babban Banki a 2018. Waɗannan suna da amfani wajen nuna wa 'ya'yanmu cewa fagen ba haramtacce ba ne. Amma a ganina, mace ɗaya mai na'urar POS a cikin gida a wata unguwa ta Zurmi, wadda matan unguwa za su shiga wurinta ba tare da sun tsaya layi cikin maza a bakin titi ba, ta fi kusa da bukatarmu ta yau fiye da kujera a Abuja.

Batun jari shi ne na ƙarshe, kuma nauyinsa a kan masu hali da masallatai yake. Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi. Kwanon hatsi da ake ba bazawara yana ƙarewa a mako, alhali malamai da dama sun halatta a ba mai sana'a daga zakka abin da zai sayi kayan sana'arsa. Injin markaɗe ko keken ɗinki da aka mallaka mata da sunanta yana ciyar da gida shekaru. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Lahore a 2001 tana bayar da rance marar ruwa, ana raba shi a cikin masallatai a gaban jama'a, kuma rancenta na farko wata gwauruwa aka ba. Kwamitin masallacin Juma'a a Ƙaura ko Shinkafi ba ya bukatar izinin kowa kafin ya ware wani abu daga waƙafin masu hali don irin wannan, da sharaɗin mata amintattu su riƙe littafin ɓangaren mata. Ɗan kasuwar da ke da rarar kuɗi kuma yana iya ba mai matsar mai jari bisa ƙirali, a yanka rabon riba tun farko, in hasara ta zo ba da sakacinta ba ta faɗa kan jari, ita kuma ta yi hasarar wahalarta.

Kafin duk wannan ya samu, akwai abin da ba ya jiran banki ko gwamnati ko lafiyar hanya. Littafin rubutu guda, da boko ko da ajami, a rubuta a ciki: tumaki kaza na wance ne, buhu kaza a rumbun nan nata ne, naira kaza da ke asusuna kuɗin manta ne, ta ba ni rancen kaza ranar kaza don fansar wane. Miji ya sa hannu, mutum biyu su shaida, a ba wani ɗan'uwanta kwafi ya ajiye a wani garin.